Tsohuwar jarida ma makamashi ce, in an iya sarrafa ta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan tarin tsofaffin jaridun da ke jibge a gidaje, waɗanda ƙarshensu bola ko a cinna musu wuta a banza. Ana iya mayar da su bulon hura wuta, kuma aikin bai fi ƙarfin kowa ba.

A yayyaga jaridar da hannu, faɗin yatsa biyu. Almakashi ba shi da amfani a nan, domin bakin da aka yaga ya fi saurin shan ruwa. A zuba a bokiti mai cin lita 20, ruwa ya sha kanta, a bar ta kwana 2 zuwa 3 ana juyawa. In an damƙa ta narke a hannu, ba a iya karanta ko kalma ɗaya, to ta jiƙu. Sai a kirɓa ta da guntun katako har ta yi laushi, a zuba dusar katako: awo biyu na takarda, awo ɗaya na dusa. Kada dusar ta rinjayi takardar. Zaren takarda shi ne ke riƙe bulon, in ya yi kaɗan, da ya bushe sai ya ruguje. Mai ɓurɓushin gawayi ya ƙara ɗan kaɗan, wutar za ta fi daɗewa.

Mazubi kuwa, guntun bututun roba mai faɗin santimita 10 ya isa, a huhhuda jikinsa da ƙananan ramuka don ruwa ya samu mafita. A tsayar da sanda mai kaurin babban yatsa a tsakiya, a cusa haɗin a kewayenta, a ɗora faifan katako mai rami a danne da ƙarfi har ruwa ya daina ɗiga. Ramin da sandar ta bari ta nan iska ke ratsawa, wajen bushewa da wajen ci. Bulon da ba shi da rami yakan yi baƙi ta waje, cikinsa na turnuƙe hayaƙi. Kaurinsa kada ya wuce santimita 6.

Inda akasari ake faɗuwa shi ne shanya. Bayansa yakan bushe cikin kwana biyu, mutum ya ɗauka an gama, alhali cikinsa jagab yake. A jera su a kan raga ko katakai, ba a ƙasa ba, ana juya su kullum. In akwai rana da iska, mako guda zuwa biyu. Lokacin ruwan sama yakan kai wata. Kafin a kwashe a fasa ɗaya a taɓa tsakiyarsa. In akwai sanyin danshi a mayar, don ɗanyen bulo hayaƙi kawai yake yi, in an adana shi kuma ya yi fumfuna.

Takardar mujalla mai sheƙi a ware ta gefe, haka leda da duk takardar da aka lulluɓe da roba. Ba sa jiƙuwa da kyau, hayaƙinsu kuma ba na shaƙa ba ne.

A ganina ba daidai ba ne a ce bulon nan ya maye gurbin itace ɗungurungum. Tokarsa ta fi yawa, sai ana kwashewa don kada ta toshe iskar murhu, kuma ya fi ci in an ɗora shi a kan wutar da ta riga ta kama. Don Allah kada a hura shi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, domin yana fitar da iskar guba marar wari kamar yadda gawayi ke yi.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku