A riƙa karanta mana takardar akwati a rediyo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina so in kawo wata shawara tun kafin guguwar zaɓen 2027 ta taso, don da sanyin safiya ake kama fara.

Ranar 25 ga Fabrairu 2023, ranar zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya, na tsaya a rumfarmu har aka gama ƙirga ƙuri'u. Jami'i ya cike takardar sakamako, wadda ake kira EC8A, wakilan jam'iyyu suka sa hannu, ya ɗauki hotonta da na'urar BVAS. Alkawarin da hukumar zaɓe INEC ta yi shi ne hoton zai hau shafinta na IReV nan take, kowa ya gani. Na 'yan majalisa sun hau, na shugaban ƙasa kuwa suka maƙale, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Har asubahin 1 ga Maris da shugaban INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya bayyana Bola Tinubu a matsayin wanda ya yi nasara da ƙuri'a 8,794,726, akwai takardu da yawa da ba su hau ba. Daga baya ma Kotun Ƙoli ta ce shafin na kallo ne kawai, ba wurin tattara sakamako ba.

Duk da haka ban raina shafin ba. A da, abin da aka rubuta a rumfa yakan shiga mota, sai dai ka ji jimilla a bakin baturen zaɓe. Yanzu akwai hoton da za a kwatanta. Matsalar ita ce rumfuna 176,846 ne a ƙasar nan, shafin da Turanci yake, ga cin data. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa fashin zaɓe ba, ba za ta taɓa buɗe shi ba. Rediyonta kuwa yana gefen tabarmarta.

To, nan ne aikinku yake. Ku tura wakilai rumfuna su ɗauko hoton takardar da aka manna a bango, ku sa matasa biyu ko uku masu kwamfuta su haɗa lissafin mazaɓa guda, sannan ku faɗa mana da Hausa: ga abin da akwatuna suka nuna, ga abin da aka shelanta a ƙaramar hukuma. Ƙungiyar Yiaga Africa mai sa ido kan zaɓe ta yi makamancin haka a 2023 da samfurin rumfuna, ta kuma fito ta ce alƙaluman jihohin Ribas da Imo ba su yi daidai da abin da masu sa idonta suka gani ba. Ba sai kun kai girmanta ba, mazaɓa goma ma wani abu ne.

Sai batun jita-jita. Akwai masu tantance labarai irin su Dubawa (sunan ma namu ne, abin alfahari), amma ƙaryar da ke yawo a unguwarmu saƙon murya ce a WhatsApp, da Hausa, amsarta kuma takan zo a rubuce da Turanci bayan kwana biyu. Ku ware minti biyar bayan labaran yamma a makon zaɓe, ku ɗauko saƙon da ya fi yawo, ku ce wannan gaskiya ne ko ƙarya, ga kuma yadda kuka gano.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku kullum,
daga Zariya