Kafin a ƙara wa sandar sitabilaiza ta baya kauri, a fara duba ƙafar mota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwanmu masu motoci a Legas, musamman matasa da direbobin haya, kan gyaran nan na cire sandar sitabilaiza ta baya a sa wadda ta fi ta kauri don mota ta daina kwanciya a kwana. Gyaran yana da amfani, ba na musu. Amma a ganina yawancin motocin da ake so a yi wa shi ba sanda ce matsalarsu ba, ƙafarsu ce ta gaji. Ɗora sanda mai tauri a kan mataccen shokabsoba da tsohuwar taya kuwa neman haɗari ne da kuɗin mutum.

Sandar nan ƙarfe ce mai lanƙwasa a ƙarshenta biyu, tana kwance ƙarƙashin mota daga hagu zuwa dama. Bushin biyu (zoben roba da sandar ke ratsawa ta ciki) da biraket (ƙarfen da ke manne su a jikin mota) ke riƙe tsakiyarta, linkej biyu (ƙananan sanduna masu noti) kuma ke haɗa bakunanta da ƙafar mota. Idan tayoyin baya suka hau tudun rage gudu tare, juyawa kawai take yi a cikin bushin. Sai an shiga kwana, gefe ɗaya ya nutse ɗaya ya ɗaga, sannan take murɗewa ta hana jiki karkata. Ke nan ba ta ɗaukar kaya. Wanda bayan motarsa ya zauna saboda tukunyar iskar gas ta CNG da aka sa masa a but, ko buhunan da yake lodi daga kasuwar Mile 12, sifirin zai duba, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mota.

Camry da Corolla da Accord duk gaba ke jansu, nauyin inji da giya yana kan tayoyin gaba. Da gangan masu ƙera su suke barin baya da laushi, domin idan direba ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, gaba ne zai fara zarcewa, kuma sassauta totur kaɗai yakan dawo da shi kan hanya. In aka ƙara wa baya tauri, tayar baya ta waje ce ke karɓar ƙarin nauyi, gaba ya samu sauƙi ya riƙa bin sitiyari da wuri. Daɗin da ake nema ke nan. Idan taurin ya yi yawa kuwa, riƙon tayoyin baya ne zai ƙare kafin na gaba, bayan mota ya zame ya juyo. Yakan faru ne daidai lokacin da direba ya firgita ya ɗage ƙafa daga totur ko ya danna burki a tsakiyar kwana. Duk wanda ya san kwanar hawa gadar Ojota a watan Yuni, ruwan sama ya haɗu da man dizal da manyan motoci suka zubar, ya san ba wurin gwaji ba ne. A tuna kuma cewa na'urar da ke kama mota idan ta fara zamewa, wadda Toyota ke kira VSC, Honda ke kira VSA, sai daga motocin 2012 ta zama dole a Amurka. Tokunbo, wato motocin da aka yi amfani da su a ƙasar waje aka shigo da su, da yawa da suka girmi wannan shekara ba su da ita.

Lissafin kaurin ne ke yaudarar mutane. Taurin sanda ba ya ƙaruwa daidai da kaurinta, ninkin kaurin a kansa har sau huɗu ake yi. Daga milimita 18 zuwa 20, tauri ya ƙaru da kusan rabi. Daga 16 zuwa 19, ya ninka biyu. Daga 16 zuwa 22, ya haura ninki uku da rabi. Abin da ido ke gani kamar ɗan bambanci ne, a kan titi wata mota ce daban. Shawarata ga motar yau da kullum ita ce kada ƙarin ya wuce milimita 2 zuwa 3. A auna tsohuwar sandar da kalifa, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, a wurin da take miƙe, bayan an kankare tsatsa da taɓo. Akwai kuma sanda mai rami a ciki, wadda ba ta kai cikakkiya tauri ko da kaurinsu ɗaya ne a waje. Ɗaga ta da hannu zai nuna, don ta fi sauƙin nauyi. Mai ramuka biyu ko uku a baki inda ake ɗaura linkej kuwa, ramin can ƙarshe shi ne mafi laushi, da shi ake farawa.

Kafin a taɓa sanda, a duba shokabsoba na baya: in jikinsa ya jiƙe da mai, ko mota tana ci gaba da lilo bayan ta wuce rami, shi ne mai laifi. A kama linkej da hannu a girgiza, in yana motsi ko robarsa ta yage, shi ke ƙarar ƙwas-ƙwas ɗin da ake ji a titin unguwa. Bushin da ya buɗe yakan bar sanda tana wasa kafin ta fara aiki. Sai taya. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin taya su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Iska kuma a bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin 30 da 35 ne, ba 45 ko 50 da wasu masu faci ke dura wa ƙaramar mota ba. In tayoyi biyu kawai za a iya saya, sababbin su tafi baya. Sau da yawa idan an gama waɗannan, mai mota da kansa zai ce ya fasa.

Wanda har yanzu yake so, ya fara sanin irin bayan motarsa. Camry ta 2002 zuwa 2011 da Accord ta 2003 zuwa 2012 kowace taya ta baya zaman kanta take, sandarsu daban take ana iya kwance ta. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da ake kawowa daga Amurka kuwa bim ɗaya ne, wato dogon ƙarfe, ya haɗa tayoyin baya, aikinta daban ne, kada a bari mai walda ya liƙa mata ƙarfe da sunan sanda. Ga Accord ta 2003 zuwa 2007, sandar Acura TL ta 2004 zuwa 2008 tana shiga kuma ta fi kauri. In za a je kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ko ta Owode Onirin, a tafi da tsohuwar a hannu, a kwantar da su a ƙasa ɗaya kan ɗaya a ga lanƙwasar ta yi daidai. A sayo bushin mai girman sabuwar, da sababbin linkej biyu. Sandar da aka taɓa gasawa da wuta ko aka yi wa walda a bar ta a wurin, ƙarfen sifirin ne, zafi na kashe shi, wata rana karyewa zai yi.

Wajen ɗaurawa, a ɗaga bayan mota duka biyu a tokare da abin tokare na ƙarfe, ko a hau ramin gareji. In aka ɗaga gefe ɗaya kawai, sandar tana murɗe, noti ba zai fita ba, in ya fita kuma zai iya fizgewa ya ji wa hannu. A fesa wa noti WD-40, man nan mai sassauta tsatsa, a bar shi ya jiƙa, domin motocin da suka sha gishirin da ake zuba wa titin Kanada lokacin ƙanƙara suka zo suka sha ruwan Legas notinsu na karyewa. Kan linkej yakan juya tare da noti, shi ya sa aka yi masa ramin alinki a baki: a riƙe da alinki, a kwance da sifana, yawanci 14 ko 17 a motocin Japan. A ɗauki hoton yadda tsohuwar ke zaune kafin a zare ta, don ana iya sa sabuwar a kife ta riƙa bugun salansa. Bushin roba ba a shafa masa baƙin mai ko giris na yau da kullum, yana cinye shi. Na foliyuretan, wato roba mai tauri, kuwa dole sai da giris ɗin silikon, in ba haka ba zai riƙa kuka, kuma ruwan damina na wanke shi, sai an sake shafawa. A fara ɗaura duk notin da hannu, a daidaita sanda a tsakiya, a sauke mota ta tsaya kan tayoyinta, sannan a matse da sifanar ma'auni gwargwadon abin da littafin motar ya ce. A leƙa a tabbatar ba ta gogar tiyon burki ko wayar ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an danna burki.

Wurin da biraket ke zama shi ma a dube shi da fitila. Sanda mai tauri tana jan wurin da ƙarfi duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami, kuma a titunanmu hakan ba ya ƙarewa. In tsatsa ta ci ƙarfen, yagewa zai yi. Fasinjan baya ma zai ji bambanci, mota za ta riƙa jijjiga shi gefe da gefe a lalataccen titi fiye da da.

Gwajin farko a yi shi a fili mai faɗi, busasshe, ba fasinja, a fara a hankali. Bayan mako ɗaya a koma a sake matse noti. Idan aka ji baya yana son riga gaba shiga kwana, ko da sau ɗaya ne, a mayar da linkej ramin da ya fi laushi ko a mayar da tsohuwar sandar, shi ya sa nake cewa kada a sayar da ita ga 'yan gwangwan tun ranar farko.

Wassalam.

Naku,
Wani bakanike mai gyaran ƙafar mota,
Agege, Legas.