Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Na yi farin ciki da dokar gwajin jini kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya wa hannu a watan Mayun 2024, wadda ta wajabta wa masu shirin aure gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila. Sai dai dokar ta tsaya ne a ƙofar ɗaurin aure, ba ta kai ga matan da suka daɗe a ɗakin miji ba, kuma saboda su da jariransu na ɗauki alƙalami.

Mace mai ɗauke da ƙwayar HIV, wadda ke haddasa ƙanjamau, tana iya sanya wa ɗanta yana ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa idan ba a ɗauki mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne ke kamuwa, amma idan uwa ta riƙe maganinta tun daga goyon ciki har yaye, kuma aka ba jariri nasa, adadin kan koma ƙasa da 5. Maganin yana nan, gwajin kuma ɗigon jini ne daga yatsa. Abin da ke sosa min rai shi ne mata da yawa a cikin birnin nan ba sa zuwa awo, a gida suke haihuwa a hannun ungozoma, sai yaro ya fara rama da zawo sannan a gano.

Roƙona shi ne ma'aikatarka da hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jihar Kano (KSACA) su ɗauki ungozomomin unguwa a matsayin abokan aiki, a horar da su, a ba su safar hannu da sabuwar reza, a kuma ɗora musu raka mai ciki asibiti. Wanzamai ma su shiga wannan horon, domin aska ɗaya tana yi wa jarirai da yawa aiki.

Akwai kuma batun maigida. Na sha ganin matar da ke ɓoye kwalbar magani a cikin kwanukan jere saboda tsoron saki, alhali ba a gwada mijin ko kishiyoyinta ba. Ina roƙon a nemi limaman Juma'a da masu unguwanni su ja hankalin maza su riƙa zuwa gwaji tare da iyalinsu, a kuma hukunta duk ma'aikacin da ya tona asirin majinyaci.

Allah ya yi maka jagora.

Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Gwale, Kano.