Amsa ga matashin da ya tambaya: ko tallafin 'yan fansho cin haƙƙin matasa ne?

Assalamu alaikum, ƙanena.

A taron ƙungiyar matasa ka tambaye ni ko adalci ne gwamnati ta riƙa ƙara wa 'yan fansho kuɗi alhali ku ba ku da aiki. Sai mun tsefe kuɗin nan tukuna, don ba iri ɗaya ba ne.

Akwai tallafi na gaske. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku, da 'yan fansho masu rauni a ciki. Wannan taimako ne, kuma matasa ma suna cikin gidajen.

Ƙarin fansho kuwa bashi ne. Sashe na 173 na kundin tsarin mulki ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashin ma'aikata, duk wanda ya fara zuwa a cikin biyun. Da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, doka ce ta tilasta ƙarin. Dattijon da ya yi shekara 35 yana koyarwa, yau fanshonsa ba ya sayen buhun masara, ba kyauta ake masa ba.

Inda kukanka yake da tushe shi ne yadda ake biya. A tsarin fansho na adashin gata da aka fara a 2004, inda ake tara wa ma'aikaci kuɗin ritayarsa wata-wata, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10. Amma haƙƙin shekarun da suka gabaci 2004 yana wuyan gwamnati, ita kuwa ta yi ta jinkiri har ya taru. A 2025 sai da aka amince da ciwo bashin naira biliyan 758 don biyan basussukan fansho. Wa zai biya wannan da ruwansa? Ku ne, ta haraji. Ga kuma mai tuƙa Keke Napep da tela da ɗan kasuwa, ba wanda yake zuba musu ko kobo. An ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho dominsu a 2019, amma kaɗan ne suka shiga.

In kana neman kuɗin da za a taɓa, ka duba fanshon tsofaffin gwamnoni. Majalisar Zamfara ta soke dokar da ta ba su wannan fansho a 2019, bayan tsohon gwamna ya rubuta yana neman naira miliyan 10 a wata. Ka tambayi ɗan majalisar jiharku ko taku dokar tana nan, da nawa take ci a kasafin bana.

Wassalam.