Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Dikko Raɗɗa: A Bar Wa Tanda Wuri A Gefen Sabon Titi

Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, Gwagwaren Katsina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Allah Ya ƙara basira, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta 'yan bindiga da ta hana ƙauyukanmu barci.

Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin makaranta ne, haifaffen cikin birni, kuma na kai shekarun da ba na neman kwangila ko muƙami. Magana ce kawai ta kawo ni, maganar waina da ƙosai da tuwo. Na san teburinka cike yake da takardun da suka fi wannan nauyi, amma a yi mini haƙuri a saurara.

Zan fara da abin da ido ya gani. Duk wanda ya san shataletalen Ƙofar Ƙaura kafin a haƙa gadar ƙasa ya san irin cunkoson da ake sha a wurin da yamma, motocin Kano da na Dutsin-Ma da masu Napep kowa na danna oda. Tun da marigayi Shugaba Buhari ya buɗe ta tare da ta Ƙofar Ƙwaya a Janairun 2023, zamanin Gwamna Masari, wurin ya numfasa. Kai ma ka ɗora. Hanyar zagayen gabas mai kilomita 24, wadda Shugaba Tinubu ya zo ya buɗe a Mayun 2025, ta ba manyan motoci mafita ba sai sun kutso tsakiyar gari ba, ga kuma tagwayen hanyoyin da aka fitar ta wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Guga. Ban zo kushe ko ɗaya ba. Garin da ya zama babban birnin jiha tun 1987 ba zai ci gaba da tafiya a kan titunan da aka yanka domin jakuna da kekuna ba.

Sai dai akwai mutanen da ba su fitowa a takardar zanen titi, kuma ɗaya daga cikinsu gwaggona ce, Allah Ya jiƙanta.

Ta fi shekara ashirin tana tuyar waina a ƙofar wani zaure a bakin titi. Zauren ba nata ba ne. Wani dattijo ne ya ce ta zauna, bai taɓa karɓar ko kwabo ba, sai dai kullum a kai masa waina shida da miyar taushe. Kafin a kira assalatu ta hura wuta. Daga saukowa masallaci har hantsi benci ba ya rabo da mutane: 'yan acaba, leburori, masu gadi da suka tashi daga aikin dare, mu malamai da ke sauri kada a buga ƙararrawa. Da wannan tanda ta aurar da 'ya'ya mata uku. Da ita mai niƙa ke ci, da mai itace, da ɗan garuwa, da almajirai biyu masu wankin kwanuka waɗanda ba su taɓa yawon bara da safe ba. Shekaru da dama da suka wuce aka zo faɗaɗa titin, aka shafa jan fenti a jikin zauren. Dattijon ya karɓi diyyarsa, kuma haƙƙinsa ne. Gwaggo ba ta da bango, ba ta da rufi, ba ta da takarda, saboda haka a lissafi ba ta yi asarar komai ba. Ta koma cikin lungu, tafiyar da ba ta kai minti uku ba daga inda take. Ƙullin da take ƙararwa kafin ƙarfe tara ya koma yana kai azahar. Hannunta bai canza ba, miyarta ba ta canza ba. Mai babur dai ba ya shiga lungu neman karin kumallo, inda ya hango hayaƙi nan yake tsayawa.

Ban ɗora laifin wannan a kan kowa ba, domin ma'aikatan da suka zo doka suka bi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi diyya ga mai riƙe da fili, a kan gini da amfanin gona da abin da ya kashe wa wurin. Ba ta san da cinikin da ke gudana a inuwar ginin ba. Alhali jarin mai abinci, in ka cire tukunya da ludayi da kwanon shinkafa biyu na bashi, wurin zama ne da mutanen da suka saba da shi.

Ka fi ni sanin wannan, ranka ya daɗe. Shekara shida ka yi kana jagorantar SMEDAN, hukumar Tarayya mai bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, daga 2016 zuwa 2022, kuma da ka hau mulki ka kafa hukumar KASEDA domin masu ƙananan sana'o'i. Abin da nake gani shi ne hannun dama na ba mace jari ta sayi kasko da mai, hannun hagu kuma, ba da mugun nufi ba, na share wurin da za ta aza kaskon.

Ko inda katafila ba ta taɓa ba, fasalin sabon titi kansa yana iya kashe ciniki. An raba hanya biyu da kankare a tsakiya, to wanda ke wancan hannu sai ya je shataletale ya juyo, kuma ba zai juyo saboda tsiren ɗari biyar ba. An haƙa lambatu mai zurfi a buɗe, babu inda mota za ta raɓe, babu kwalbatin da mai ƙafa zai taka. An sare bedin da ke ba da inuwa, mai fura ta rasa inda za ta ajiye ƙwarya nono bai tsinke ba. Daga nan abin da ke biyo baya kowa ya sani. Bayan wata uku masu abinci su dawo da kansu, su jera katako a kan lambatu su ɗora teburi, toka da leda da ruwan wanke-wanke su zuba ciki. Damina ta zo, ruwa ya rasa hanya ya hau kwalta. Sai a ce su ne ƙazamai, a turo a kore su, su ɓuya mako biyu su sake dawowa. An kashe biliyoyi a titi, an rasa ɗan abin da za a kashe a hana wannan wasan ɓuya.

Kuma ba za su daina dawowa ba, don masu ci na nan. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da kai ma ka sha rantsuwa, ƙaramin ma'aikaci ya daina komawa gida cin abincin rana, kuɗin Napep zuwa da dawowa sun fi kuɗin garau-garau. Masu jinya a asibiti, ɗalibai, 'yan dako, direbobin tasha, duk a bakin titi suke ci. Su kansu masu sayarwar sun ƙaru. Ka tambayi matan da ke suyar awara da yamma a unguwannin gefen gari daga ina suke, za ka ji Batsari, Jibiya, Safana. Da yawansu zawarawa ne da aka raba da gonakinsu, sun zaɓi kasko a kan bara.

Wasu ƙasashen sun sha wannan ciwon kai kafin mu. Singafo ta yi shekaru tana farautar masu abincin titi, ba ta ci nasara ba. A ƙarshen shekarun 1960 ta yi musu rajista, daga 1971 ta fara gina musu rumfuna masu famfo da wuta da magudana kusa da inda jama'a ke zaune. A Disambar 2020 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan al'ada ta cin abinci cikin jerin kayan gadon duniya. Indiya kuma a 2014 ta yi doka cewa ba a tayar da mai sana'ar titi sai an ƙidaya su tukuna, kuma kwamitin da ke tsara wuraren zama kashi 40 cikin ɗari na mambobinsa su masu sana'ar ne. Ban ce mu kwafo su ba. Mu da muke da Sarkin Fawa da masu unguwanni da ƙungiyar masu shayi, rabin aikin a yi yake.

Roƙona, ranka ya daɗe, kada jan fenti ya sake taɓa bango sai an bi titin an rubuta duk mai tanda da mai tukuba da mai teburin shayi da ke ci a jikinsa. A yi zagayen sau biyu, da asuba da kuma bayan isha'i, domin wanda ya zo da rana tsaka ba zai ga ko rabinsu ba. A tafi da mai unguwa, shi ya san wadda ta shekara goma da wanda ya kafa teburi jiya don ya ji ƙamshin diyya. Irin waɗannan ba a rasa su, ba na musu.

Sannan a sa su cikin zanen tun farko, kamar yadda ake sa fitila da lambatu. Ba kanti nake nufi ba. Mun ga yadda shagunan zamani ke ƙarewa: a gina, masu kuɗi su saye, su sa hayar da mai ƙosai ba za ta tara a shekara ba. Ɗan fili ne a janye daga kwalta, a dandaɓe shi da siminti, rumfar kwano a buɗe, famfo ɗaya, fitilar sola, kwandon shara, wurin da babura biyar da mota biyu za su raɓe, a rufe lambatun da ke gabansa, a dasa bedi. A karɓi kuɗin tikiti kaɗan a kullum da rasit, sunan wurin kuma ya zauna kan mai dafawa, ba mai sayarwa ko bayar da haya ba. Duba-gari su riƙa leƙawa suna duba ruwa da tsabta. Mu tsofaffi mun san zamanin da jin sunan duba-gari kawai ke sa a wanke randa. Gobarar Babbar Kasuwa ta Maris ɗin 2021 ma ta isa ta tuna mana cewa duk inda jama'a da dukiya suka cunkushe, gara mai hura wuta ya samu keɓaɓɓen wuri.

Ga jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi na tafe, zai ratsa ta Katsina da Jibiya. Aikin Tarayya ne, amma filin da ke kewayen tasha da hanyoyin shigarta suna hannunka. Matafiyi ya sauka, cikinsa zai fara tambaya. Ina so ya tarar da fura mai sanyi da kilishi da dambu a wuri mai tsabta, ya san ya shigo ta Dikko ɗakin kara, inda ba a barin baƙo da yunwa. In ba a ware wurin yanzu ba, ranar da jirgi ya fara aiki za a tarar an riga an rabe shi.

'Yar autar gwaggo ce ta gaji tandar. Tana zaune a bakin wani titin daban, ƙarƙashin bedi, kuma kwanaki ta ga wasu samari da na'urar awo suna ɗaukar ma'auni. Ba ta san ko aikin zai zo ba, ni ma ban sani ba. Da na ce mata zan rubuto maka, dariya ta yi, ta ce Gwamna ina ya ga lokacin maganar waina. Sai da na miƙe zan tafi ta kira ni, ta ce in har na rubuta, in gaishe ka, in kuma tambaya mata: in titi ya iso, ina za ta aza tandar?

Allah Ya taimaki Gwamna.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Cikin birnin Katsina.