Amsa ga ɗalibin da ya kira Geoffrey Jones maroƙi

Assalamu alaikum, ɗana.

A shirin rediyo na makon jiya ka jefo mini tambaya ana dab da rufewa: wai masanin tarihin da kamfani ya ɗauki nauyinsa ya rubuta masa tarihi, me ya raba shi da maroƙin da ke wasa ubangidansa? Har ka kafa hujja da Farfesa Geoffrey Jones, masanin tarihin kasuwanci. Ga amsata.

Ba ka yi masa ƙage ba. Mutumin Birmingham ne, a Kambirij ya yi digirin digirgir kan gwamnatin Birtaniya da harkar man fetur. Ya koyar a Landan, ya zama farfesa a Jami'ar Reading, sannan a 2002 ya koma Harvard a Amurka. A tsakani ya rubuta tarihin wani bankin Ingila da ya fara aiki a Iran, kuma a 2005 ya fitar da tarihin Unilever, babban kamfanin sabulu da kayan masarufi, daga 1965 zuwa 1990, da amincewar kamfanin.

Sai dai maroƙi ba a miƙa masa makullin ɗakin ajiya. Shi wannan an buɗe masa akwatunan wasiƙun manajoji da bayanan zaman shugabanni, inda ake faɗin asara da kuskure ba kunya, tunda ba a rubuta su don idon waje ba. Wanda bai shiga ɗakin nan ba, sai ya yi ta hasashe daga bakin ƙofa.

Inda na ba ka gaskiya shi ne, takardun kamfani da bakin manaja suke magana. Ɗauki UAC, wato United Africa Company, wadda aka kafa a 1929 ta zama reshen Unilever, ta yi ta sayen gyaɗar Kano ta hannun dillalai irin su Alhassan Dantata. Takardunta na can Port Sunlight kusa da Libaful. Za ka tarar da farashi da nauyin kaya. Lebura kuwa da ya hau dalar gyaɗa a Ƙofar Mazugal da buhu a ka, da wuya ka ji muryarsa a ciki.

Ka ce kana neman abin da za ka yi bincike a kai. Jikokin leburorin nan suna Kano, wasu tsofaffin ma da ransu. Ka ɗauki rakoda ka same su bayan la'asar.

Wassalam,
Malaminka