Zuwa ga ɗana, kan maganar katin otal

Maraɗi, daren Laraba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ya gajiyar hanya? Mu nan sai godiya, sanyi ne da hazo suka sako mu gaba, tarin mahaifiyarka ya tashi amma da sauƙi.

Ƙanwarka ta ce za ka bar katin tara maki na kamfanin otal ɗin Accor ka koma na kamfanin Marriott, tunda sabon aikin ya karkata da kai Legas da Akara, ba Abijan da Dakar kamar da ba. Ban ce kada ka yi ba. Sai dai ka zauna ka yi lissafi tukuna, kada ka saki reshe ka kama ganye.

Ɗauko takarda ka rubuta garuruwan da ka kwana bara, da yawan kwana a kowane gari, da kuma inda ake sa ran tura ka bana. Kati ba ya da amfani a garin da kamfaninsa ba ya da otal. A Abijan, Dakar da Kwatano, Accor ne ke da yawa: Novotel, Ibis, Pullman, Sofitel. A Legas, cikin na kamfanin Marriott akwai Sheraton da Marriott a Ikeja, akwai Four Points, akwai Protea, wanda Marriott ya saya tun 2014. A Akara kuwa kowanne yana da nasa, Marriott na kusa da filin jirgi, Mövenpick na Accor yana cikin gari, don haka Akara ba hujjar sauyawa ba ce. Abuja ta Transcorp Hilton ce, Yamai kuma Radisson Blu da aka buɗe a 2019 lokacin taron Tarayyar Afirka. Ka ga tafiyarka ta rabu gida huɗu. Wanda ya watsa kwana 40 a kamfani huɗu zai ƙare shekara ba shi da matsayin kirki ko'ina.

Sai ka duba matakan da kati ke ba mutum gwargwadon yawan kwanansa a shekara. A Accor kwana 10 ke ba da Silver, 30 Gold, 60 Platinum. A Marriott 10 Silver, 25 Gold, 50 Platinum, 75 Titanium. Kada sunan ya ruɗe ka. Gold na Marriott ba ya ba ka karin kumallo kyauta, sai ka kai kwana 50 sannan ka fara ganin abin a zo a gani, irin su izinin zama a ɗaki har ƙarfe huɗu na yamma. In ba za ka kai 50 ba, abin da za ka samu can bai fi wanda ke hannunka yanzu ba. Ƙidayar kwana kuma daga 1 ga Janairu take farawa, ta ƙare 31 ga Disamba. In sauyawar za ka yi, yanzu ne lokacinta. Wanda ya sauya a watan Yuli ya raba shekararsa biyu, ya rasa nan ya rasa can.

Makin da ka tara ba ya bin ka. Ba a kwashe makin Accor a zuba a Marriott. Na Accor yana mutuwa in ka cika kwana 365 ba ka sauka otal ɗinsu ba, na Marriott yana jira har wata 24. To ko dai ka kashe na Accor kafin ka juya baya, ko ka riƙa kwana ɗaya a wurinsu kowace shekara don ya rayu. Lissafinsu a fili yake: maki 2,000 kuɗin Turai yuro 40 ne, wato jika 26 da ƴan kai. In ka tambaye ni, ka ajiye shi don Umrar mahaifiyarka da ka yi alkawari tun shekarar da aka yi rufin shagon Ali Ɗan Sofo. Pullman Zamzam da Swissôtel da ke bakin Harami duk na Accor ne. Kada kuma wani ya yaudare ka da sayen makinka. Ƙa'idarsu ta hana, in sun gano sai su rufe asusun da duk abin da ke ciki.

Akwai hanyar da ake bi don kada mutum ya fara daga ƙasa. Wasu kamfanonin, in ka aika musu hoton katinka na yanzu da shaidar kwanakin da ka yi, sukan ba ka matsayi makamancinsa na gwaji, galibi wata uku, su ce ka cika kwana kaza a ciki. Ba kullum ake bayarwa ba, kuma ba a maimaita wa mutum ita kowace shekara. Kada ka nema sai ka ga tafiye-tafiye sun jeru a gabanka, in ba haka ba wa'adin zai ƙare kana zaune a ofis. Ka tabbata sunan da ke kan katin daidai yake da na fasfonka harafi da harafi, domin Mahamadu da Mahamadou mutum biyu ne a wurin kwamfuta. Ɗakin da aka kama ta shafukan intanet irin su Booking ko Expedia ba ya shiga ƙidaya, haka ma sau da yawa ɗakin taro da aka biya a dunƙule. Ka ba da lambar katinka tun lokacin karɓar makulli, ka karɓi takardar biya ranar fita, ka ajiye ta har sai ka ga kwanan ya hau.

Duk wannan da na jero, ba shi ya hana ni barci ba.

A wurin ɗaurin auren ƴar kawunka wani ya ja ni gefe, ya ce a watan Disamba aikinku na Abijan ya ƙare ranar Alhamis, abokan tafiyarka sun dawo, kai ka zauna har Asabar don kwananka ya cika 30. Ban amsa masa ba, ban kuma gaya wa mahaifiyarka ba. Tambaya ɗaya nake yi maka, kuma amsarta nake jira: wa ya biya kwana biyun nan? In daga aljihunka ne, wauta ce, amma wautarka ce, sai in yi maka faɗa mu wuce wurin. In kuwa ka haɗa su cikin takardun da ka miƙa wa ma'aikata, wannan ba wauta ba ce, cin amana ne, ko da maigidanka ya sa hannu bai duba ba.

Ka yi lissafin da kanka. A Novotel, mai katin matakin farko yana samun maki 25 a kan kowane yuro 10, a Ibis rabin haka. Kafin ya tara 2,000 sai ya kashe yuro 800, kusan jika 525, a mayar masa da jika 26. Kashi 5 cikin ɗari ke nan. To duk ranar da ka bar otal mai sauƙi ka zaɓi wanda ya fi shi da jika 20 don kawai katinka na aiki can, ma'aikata ta yi asarar jika 20 don kai ka samu abin da bai kai jika biyar ba. Waɗanda suka tsara wannan kati sun san haka sarai. Sun san mai zaɓen otal daban, mai biya daban, shi ya sa suke ba mai zaɓen tukuici. Ba su yi maka ƙarya ba, amma sun san inda zuciyar ɗan Adam take da rauni.

Kuma abin ba ya ɓoyuwa. Takardar otal tana ɗauke da ranar shiga da ranar fita, wani lokaci har da lambar katinka a sama. Mai binciken kuɗi ba ya buƙatar boka. Zai ajiye ta gefen takardar izinin tafiyarka, ya bi da bakin biro layi bayan layi, ya ga taro ya ƙare 12 ga wata, kai ka fita 14. Ba zai yi maka magana ranar ba. Zai ja layi, ya ɗauko ta watan da ya wuce, da ta wanda ya gabace shi. Ka san abin da ya sami kawunka, ka kuma san shekara nawa aka ɗauka kafin a daina nuna ƙofar gidanmu da baki. Kuɗin da aka yi maganarsa a lokacin bai kai na kwana biyunka ba. Garin neman gira kake so ka rasa ido? Don a kira ka Gold a gaban teburin karɓar baƙi, a miƙo maka ruwan lemo? Ban sayar da gonar Tibiri na tura ka karatu don wannan ba.

Na san za ka ce na cika tsanani, tun kana ƙarami haka kake cewa. Wataƙila ma mutumin ƙarya ya yi, ko jirgi ne aka soke, na san yadda tafiyar yankin nan take. In haka ne ka yafe mini, ni ma zan fi kowa farin ciki. In kuwa akwai gaskiya a ciki, gyaran ba shi da wuya matuƙar kai ka fara. Ka je wurin mai kula da kuɗi, ka ce kwana biyu na kanka sun shiga takarda, ka mayar da kuɗin, ka karɓi rasit. Sannan ka nemi a nuna maka a rubuce abin da ƙa'idar ma'aikatarku ta ce kan maki, domin wasu wuraren sun bar wa ma'aikaci, wasu sun ce na ma'aikata ne. Daga nan ka bar ofis ya zaɓi otal bisa farashi, in ya dace da katinka ka ba da lamba, in bai dace ba ka kwana abinka.

Mahaifiyarka ta ba direban da zai taso Asabar kilishi da ƙuli-ƙuli da yajin da matarka ta ce. Ka kira ni bayan sallar isha'i ranar Juma'a, lokacin ta shiga ɗaki, mu yi maganar mu biyu. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan takwarana. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare hanya.

Mahaifinka